Kawu, mai shago ya ce doka ta yarda, amma hankalina bai kwanta ba

Kawu, barka da aiki. Ni ɗan Damagaram ne, shekarata 24, ina karatun digiri na biyu a birnin Liyon na Faransa. Abin da ake aiko mini daga gida ba ya kai ni ƙarshen wata, shi ya sa na kama aiki a wani shagon sayar da kayan CBD, wato sinadarin da ake cirowa daga tsiron wiwi amma ba ya sa maye. Kayan da ke kan kanta mai ne da shayi da man shafawa da busasshen fure. Amma akwai wani aljihun tebur a ƙasa da ake ajiye sigarin lantarki da alewa da fure a fakiti, wasu an rubuta HHC, wasu THCP, wasu da sunayen da ban taɓa ji ba. Waɗannan ba a buga cinikinsu a na'ura, kuɗi hannu ne. Mai shagon ya ce daga wiwin da doka ta yarda a noma aka ciro su, kuma daga wata ƙasar Turai suke zuwa inda ba a hana su ba. Kwanan baya ya roƙe ni a riƙa aiko da ƙunshin ta adireshina, yana ba ni Yuro 50 kan kowanne. Na karɓi biyu, na uku yana hanya. Ni ma na fara zuƙar sigarin don in samu barci, yanzu in ban zuƙa ba ba na runtsawa. Katin zamana zai ƙare nan da wata huɗu. Shin laifi ne a doka? Me zan yi? Ba na son iyayena su ji.

Ɗanka a Liyon

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka rubuto tun ƙunshi na uku bai iso ba. Ga amsar tambayarka ba tare da kwana-kwana ba: HHC da THCP, sinadarai masu sa maye irin na wiwi, duka haramtattu ne a Faransa, matsayinsu a doka ɗaya da tabar wiwi, suna cikin jerin miyagun ƙwayoyi. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar, ANSM, ta saka HHC da danginsa biyu, HHCO da HHCP, cikin jerin tun 13 ga Yuni 2023. Daga 3 ga Yuni 2024 kuma ta ƙara THCP da H4-CBD da H2-CBD da wasu da dama. Mutumin da wannan ce sana'arsa ba zai ce labari bai kai masa ba. Da ya yarda da maganar da ya gaya maka, da a kan kanta ya baje kayan, ya buga cinikin a na'ura, ya sa sunansa da na shagonsa a kan ƙunshin.

Ban ga laifinka ba da ka ruɗe, domin an gina kasuwar nan ne a kan ruɗani. Tsiron wiwi iri-iri ne. Akwai wanda ake nomawa don zare da iri da mai, wanda sinadarin THC mai sa maye ɗan kaɗan ne a cikinsa, kuma Faransa ce kan gaba wajen nomansa a Turai. Daga shi ake ciro CBD, wanda ba ya bugar da mutum. A 2018 Amurka ta halatta noman wannan iri, manoma suka yi ca a kai, CBD ya yi yawa a kasuwa har farashinsa ya faɗi warwas. Sai masu haɗa sinadarai suka koma ga wani tsohon ilimi: in aka dafa CBD da ruwan asid yakan rikiɗe ya zama THC, in kuma aka ƙara masa iskar haidurojin, kamar yadda ake daskarar da man tsirrai ya zama botar shafa wa burodi, sai a samu HHC. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Roger Adams, shi ya fara haɗa shi tun shekarun 1940, amma bai shigo kasuwar Turai ba sai 2022, lokacin da hukumar sa ido kan miyagun ƙwayoyi ta Tarayyar Turai da ke Lisbon ta fara ba da rahotonsa a watan Mayu. To ka ga, gaskiya ne tushensa gona ce. Amma abin da ke cikin aljihun teburin nan daga ɗakin haɗa sinadarai ya fito, kuma doka abin da ke cikin fakitin take dubawa, ba ta tambayar asalinsa.

Ka ɗauki fakiti ɗaya na furen ka duba da kyau. Za ka ga takardar gwaji ko wata alama da ake haskawa da waya, tana nuna THC bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba. Mai yiwuwa ma gaskiya ne, tunda furen kansa na wiwin masana'anta ne. Sai dai an fesa masa wani sinadari bayan an shanya shi, kuma takardar ba ta ce uffan a kan abin da aka fesa ba. Shi ya sa wani ɓangaren furen yakan fi wani ɓangaren danƙo da ƙarfi, yau ka sha ka ji ɗan kaɗan, gobe daga fakiti ɗaya ka ji zuciya na neman fitowa. Ma'auni mai sauƙi da zan ba ka shi ne jikinka: CBD na gaskiya ba ya sa maye. Duk abin da ya bugar da kai a shagon nan, ko dai THC ɗinsa ya wuce ƙa'ida, ko an zuba masa wani abu.

Sauran sunayen da ka ce ba ka taɓa ji ba, su ma kada su yaudare ka. Da aka hana HHC, masu haɗawa sai suka riƙa sauya ɗan ƙaramin abu a jikin sinadarin su laƙaba masa sabon suna, su ce ai wannan ba ya cikin jeri. Hukumar ta gane dabarar, don haka a hukuncin 2024 ba sunaye kawai ta lissafa ba, ta haramta dangi guda na sinadaran da aka gina a kan ginshiƙi iri ɗaya, ta ware wani sinadarin wiwi mai suna CBN kaɗai daga cikinsu. Ban da haka, sunan da ke jikin fakiti ba shi ne shaida a kotu ba, sakamakon gwajin da masu bincike suka sa aka yi shi ne shaida, kuma sau da yawa abin da ke ciki daban yake da abin da aka rubuta.

Maganar "daga wata ƙasar Turai suke zuwa" tana da asali, amma mai shagonka ya ja ta inda ba ta kai ba. Wasu 'yan kasuwa biyu ne aka hukunta a birnin Marsai na Faransa saboda sayar da sigarin lantarki mai suna Kanavape, wanda aka ciro CBD ɗinsa a Jamhuriyar Cek. Shari'ar ta kai Kotun Tarayyar Turai da ke Luksambur, kuma a 19 ga Nuwamba 2020 kotun ta ce Faransa ba za ta hana shigo da CBD da aka samar bisa doka a wata ƙasar Tarayyar ba, domin bai cika sharuɗɗan zama mugun ƙwaya ba. A ƙarshen 2021 gwamnati ta sake yunƙurin hana sayar da furen da ganyen, babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta soke hanin a 29 ga Disamba 2022. Waɗannan hukunce-hukuncen ne suka buɗe ƙofar sayar da CBD a shaguna irin naku. Dukkansu kuwa a kan dalili ɗaya suka tsaya: abin ba ya sa maye. Mai sa maye bai shiga cikin wannan rangwamen ba, kowace ƙasa da jerinta, kuma da zarar ƙunshi ya tsallako iyaka dokar Faransa ce ke hawa kansa. Ƙasashen ma da ake fakewa da su sun rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Austiriya ta hana cinikin HHC a 2023, Cek ta hana a Maris 2024 bayan an kwantar da yara a asibiti sun sha alewarsa, Jamus ta bi sahu a Yuni 2024 duk da cewa a shekarar ne ta sassauta wa manya riƙe wiwi kaɗan don amfanin kansu. A Maris 2025 kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya saka HHC ƙarƙashin yarjejeniyar 1971, wadda Nijar da Najeriya duk suna cikinta.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Shan da kake yi laifi ne, iyakar hukuncinsa ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 3,750, kuma tun Satumba 2020 galibi 'yan sanda tarar nan take suke yankawa (an fara ta da Yuro 200, kusan sefa 131,000), wadda duk da ƙanƙantarta tana shiga kundin laifuffukan mutum. Amma karɓar ƙunshi da ɗaukarsa zuwa shago da miƙa wa mai saye, wannan wani babi ne daban. Sashe na 222-37 na kundin hukunta laifuffuka ya haɗa ɗauka da ajiyewa da miƙawa da saye, ya ɗora musu ɗaurin da zai iya kai shekara 10 da tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 7.5. Shigo da su daga waje, a sashe na 222-36, hukuncinsa ɗaya. Waɗannan iyaka ce ta sama, ba na ce maka ɗalibin da bai taɓa laifi ba za a yi masa shekara goma a gidan kaso kan ƙunshi biyu ba. Abin da nake so ka gani shi ne sunan laifin da za a rubuta a fayil ɗinka: fataucin miyagun ƙwayoyi.

Ga ɗan ƙasa, wannan tabo ne da zai iya rayuwa da shi. Ga baƙo mai katin ɗalibi, yana iya zama ƙarshen zama. Kotu na da ikon ƙara wa baƙo hanin zama a ƙasar. Dokar shige da fice ta 26 ga Janairu 2024 kuma ta ba firefe, wakilin gwamnati da ke ba da katin zama, damar ƙin sabunta katin wanda ya aikata abin da zai iya jawo masa hukunci a waɗannan sassa. Bayan ƙin sabuntawa, takardar umarnin barin ƙasa ce ke biyowa, wadda kuke kira OQTF. Kai kuma ka fi ni sanin halin da ake ciki tsakanin ƙasashen biyu: ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairu 2024. Wanda ya fito ta wannan ƙofa, komawa ya ƙarasa digirinsa ba ƙaramin aiki ba ne.

Ka tambayi kanka dalilin da zai sa mai shago, da ke da adireshin kasuwanci da wurin ajiya, ya biya ka Yuro 50 don kawai ka buɗe ƙofa ka sa hannu. Ruwa ba ya tsami banza. Jami'an duwan suna buɗe ƙunshin da suke zargi a wuraren tantance saƙonni, kuma doka ta ba su damar barin ƙunshin ya ci gaba da tafiya suna biye da shi har ƙofar wanda sunansa ke jiki. Ranar da hakan ta faru, sunanka ne a kwali, lambar ɗakinka ce, sa hannunka ne a na'urar mai kawo saƙo, shi kuwa babu inda ya bayyana. Zai iya cewa bai san komai ba, yaron shagonsa ne ke harkarsa ta gefe. Wannan haɗarin ne ya ɗora maka, kuma ladan da ya biya ka a kai ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ya zaɓe ka ne don ya san kana cikin matsi, ya san baƙo ba ya son ko gilmawa ta gaban ofishin 'yan sanda. Abin ya ɓata mini rai, domin cin amanar yaron da ya zo neman ilimi ne.

Na san za ka ce ai ba ka san haramun ba ne. Gaskiya ne laifin yana buƙatar mutum ya san abin da yake ɗauke da shi, kuma lauya zai iya tsayawa a kan cewa an yaudare ka. Sai dai alƙali zai dubi aljihun teburin da ake ɓoyewa, da cinikin da ba a bugawa, da ladan da ake ba ka a hannu. Bayan yau kuma wannan kariyar ta ƙare, tunda ka sani.

Saboda haka ƙunshi na uku kada ka karɓe shi. In mai kawowa ya ƙwanƙwasa, kana da ikon cewa ba ka karɓa. In an ajiye shi a shagon karɓar saƙo, kada ka je, zai koma inda ya fito. In kuwa an jefa shi a akwatin wasiƙunka, kada ka buɗe, kada ka kai shago, kada ka ba wani aboki ya ajiye maka, domin kowanne cikin waɗannan sabon laifi ne. Ka nemi lauya ya gaya maka yadda za a yi da shi.

Lauyan nan a cikin makon nan nake so ka gan shi, kafin ma ka yi wata doguwar magana da mai shagon. Ba sai kana da kuɗi ba: akwai wuraren da ake kira Point-justice inda ake ganin lauya kyauta, ƙungiyar lauyoyin birnin ma tana shirya irin wannan zama. Ka nemi wanda ya san shari'ar laifuffuka, ya kuma san dokar baƙi. Duk abin da ka gaya masa sirri ne da doka ta tsare, don haka ka faɗa masa komai, har da ƙunshi biyun da suka wuce da kuɗin da ka karɓa. Don maganar katin zama, ƙungiyar La Cimade tana taimaka wa baƙi kyauta. Ana shigar da buƙatar sabuntawa ta intanet tsakanin wata huɗu zuwa wata biyu kafin katin ya ƙare, ka ga ke nan lokacinka ya riga ya kama, ka fara tara takardun rajista da sakamakon jarrabawa.

Kada ka goge saƙonnin da ke tsakaninka da mai shagon. Na san tsoro zai ce maka ka share komai, amma waɗannan saƙonnin su ne ke nuna wanda ya yi odar kayan da wanda ya nemi adireshinka. Ka adana su a wani wuri ban da wayar. In lauya ya duba, sai ka aika masa da gajeren saƙo cewa ba ka yarda a sake amfani da sunanka ko adireshinka ba, ba zagi, ba barazana, ba dogon bayani. Aikin kuma ka ajiye shi ta wasiƙa mai rajista, ka karɓi takardun albashinka. Ba zan ce ka tsaya ka riƙa sayar da na kan kanta kaɗai ba, domin ranar da aka zo bincike duk wanda ke bayan teburin za a tafi da shi. In har an riga an kira ka ko an tsare ka, ka sani a shari'ar fatauci tsarewar na iya kai awa 96, kuma kana da haƙƙin lauya da likita da tafinta da sanar da wani naka, da haƙƙin yin shiru. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ka fahimta ba.

Ko ka kai rahoton shagon ko kada ka kai, wannan ku yanke da lauya, domin doka na sassauta wa wanda ya taimaka aka tsayar da laifi, amma yadda aka shiga maganar yana da muhimmanci. Ra'ayina dai ba zan ɓoye ba: alewar da ke cikin aljihun nan ita ta fi damuna. Kala-kala ce, kamar ta yara, ba ta kama mutum sai bayan rabin awa zuwa awa biyu, sai mai sha ya ɗauka ba ta aiki ya ƙara. Ba ka san hannun da take faɗawa ba bayan ta bar shago.

Sai maganar barcinka, wadda ba na so ta ɓace a cikin maganar doka. Hukumar da ta haramta HHC ta ce haɗarin kamuwa da shi daidai yake da na wiwi, ta kuma lissafa abubuwan da aka gani ga masu sha: karkarwa, amai, firgici, ruɗewa, bugun zuciya da sauri, ciwon ƙirji da hawan jini. THCP kuwa, wanda masu bincike a Italiya suka gano a 2019, a gwaji ya fi THC kama ƙwaƙwalwa da ninki kusan talatin. Rashin runtsawar da kake yi in ba ka zuƙa ba alama ce jiki ya saba. In ka daina, ka sa ran rashin barci da saurin fushi da gumin dare da munanan mafarkai da rashin son abinci. Makon farko ya fi tsanani, yawanci abin na lafawa cikin mako biyu, barci kan ɗan ƙara ɗaukar lokaci kafin ya daidaita. Yana wucewa, ɗana, kada daren uku ko na huɗu ya sa ka yanke ƙauna.

Ba kuma sai ka yi shi kai kaɗai ba. Akwai cibiyoyin CSAPA na masu fama da shaye-shaye, da sashen matasa da ake kira CJC wanda shekarunka suka dace da shi. Kyauta ne, kana iya zuwa ba tare da ka ba da sunanka ba, kuma likita ba ya kai labarinka ofishin firefe. Layin Drogues Info Service ma kyauta ne. In ka ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe, ka kira lambar gaggawa 15 ko 112 nan take, ka faɗi ainihin abin da ka sha. Kuma ka gaya wa likitan abin da ya hana ka barci tun farko, kafin sigarin ya shigo. Kaɗaici da sanyi da dogon dare da lissafin kuɗin haya sun kwantar da ɗalibai da yawa, jami'arku tana da sashen lafiya da masu ba da shawara kyauta don wannan. Tuƙi kuwa, mota ko babur, ka ajiye shi tukuna: a Yuni 2023 kotun ƙoli ta Faransa ta ce ko CBD na halal mutum ya sha, in gwajin ya nuna ɓurɓushin THC laifin tuƙi ya hau kansa.

Tunda rashin kuɗi ne ya kai ka shagon, a toshe wannan ramin ma. Ka nemi ganin jami'ar jin daɗin ɗalibai ta CROUS, hukumar da ke kula da walwalar ɗalibai, ka baje mata lissafinka ba kunya. Akwai tallafin gaggawa, akwai abincin Yuro 1 ga masu ƙaramin ƙarfi, akwai shagunan abinci masu rahusa na ɗalibai. Katinka ya ba ka damar aikin awa 964 a shekara, kuma ɗakin karatu da gidan abinci da manyan kantuna duk suna ɗaukar ɗalibai. Ta fuskar addini ba sai na tsawaita ba, ka taso ka san abin da mai yawansa ke sa maye kaɗansa ma haramun ne, kuma ina jin wannan na cikin abin da ya hana hankalinka kwanciya. Ƙofar tuba a buɗe take.

Iyayenka kuwa, ban ce ka kira mahaifiyarka cikin dare ka ɗaga mata hankali a kan abin da ba ta da yadda za ta yi da shi daga Damagaram ba. Amma kada ka riƙe wannan kai kaɗai, domin wanda ke ɓoye abu shi ake iya juyawa, kuma mai shagon zai gwada, ko da lallashi ko da tsoratarwa, da zarar ka ce ka daina. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayanka ko wani kawunka ko dattijo cikin 'yan ƙasarku mazauna Liyon, ka gaya masa gaskiya duka, ka ba shi sunan lauyan da lambarsa. In da hali ya raka ka ranar da za ka je karɓar takardun albashinka, kada ka shiga shagon nan kai kaɗai.

Kawunka